Kulɓar Laraba Mai Banda

A Warra, in kana neman bandar kifin da za ta kai Kontagora ba ta yi tsutsa ba, wurin Laraba za a tura ka. In kuwa kaza gare ka kana neman mai riƙe maka ita kafin ka dawo daga tafiya, duk garin ba wanda zai ambaci sunanta, ko da suɓutar baki. Mace ce doguwa, siririya, marar yawan magana, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Ita kaɗai take zaune a ɗaya daga cikin gidajen simintin nan da gwamnati ta gina wa mutanen da ruwan dam ya tasa daga tsibirai, gidajen da in ana zafi suka fi waje zafi, in ana ɗari suka fi waje sanyi. Mijinta ya daɗe da rasuwa.

Abin da kowa ya sani game da Laraba shi ne hannunta ba ya kiwo. Ta yi kaji, sun mutu. Ta sayo akuya a kasuwar Yelwa, akuyar ta ci leda ta bi kajin. Ta gwada agwagi, waɗanda mutane ke cewa sai wuƙa ke kashe su, su ma suka nuna mata ba haka ba ne. Wani kare da aka ba ta shi kaɗai ya tsira, domin ya bi wani mai jirgi zuwa ƙetare bai sake waiwayo ta ba, aka ce kare ne mai hankali. Kaji dai a Warra suna mutuwa a gidan kowa, har gidan fasto. Amma in ta gidan wani ta mutu sai a ce annoba, in ta Laraba ce sai a ce hannu. Matan garin sukan ce shi ya sa banda ta karɓe ta, tunda kifin ya riga ya mutu kafin ya iso wurinta.

Ana faɗin wannan ana dariya, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa wanda ba a yi masa dariya. 'Ya'ya huɗu Laraba ta binne, ba wanda ya kai ga yin tafiya da ƙafarsa. Da ta haifi na biyar, Andarawus, dangin mijinta ba su tsaya shawara da ita ba. Suka ɗauke shi yana jariri suka kai wa ƙanwar mijin a Shanga, wadda ita ma take goyo a lokacin. Yaron ya rayu, ya yi ƙiba, ya yi makaranta. Rayuwar tasa kuwa ita ta ƙarasa ɗaure Laraba, domin kowa ya ce ga shi nan, wanda aka raba da hannunta shi ne ya tashi. Andarawus ya girma yana zuwa gaishe ta kamar baƙo, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sha ruwa, ya koma. Bai taɓa kwana a ɗakinta ba, ita kuma ba ta taɓa roƙonsa ba.

Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ayyuka suka ɗan buɗe, Andarawus ya sami tuƙin mota a wani ofis a Yelwa. Yana da mata, Lidiya, da 'ya guda, Rifkatu, wadda za a yaye wajajen Kirsimeti na shekarar da ta biyo. A danginsu, uwar uba ake kai wa yaye. Yarinya ta zauna wurin kakarta har ta manta da nono, wani lokaci ma a bar mata ita ta shekara. Laraba ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ta so wannan yayen ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma tun da bazara ta sayi ɗan ƙaramin kwano da ɗan ludayi ta ajiye a bayan tukunya.

Sai magana ta iso ta bakin masu jirgi, yadda magana ta saba isowa Warra, cewa Dudu, uwar Lidiya, ta ce jika ba kaza ba ce da za a gwada hannu a kanta. Da Andarawus ya zo gaisuwa, Laraba ta daure ta tambaye shi ko yayen yana nan. Ya dubi ƙasa ya ce, "Za mu gani, Inna." Wanda duk ya taɓa jin wannan amsa ya san abin da take nufi. Laraba ta kwana da sanin cewa sai ta kawo shaida, kuma shaidar sai mai numfashi: abu guda da ya shigo hannunta da rai ya kuma ci gaba da rayuwa.

Shaidar da kanta ta kawo kanta. Da farkon damina, tana janye itace don hura banda, sai ga wata 'yar kulɓa ta fito a guje, kazar maƙwabta tana biye da ita. Ba ta wuce tsawon yatsa ba, jikinta na sheƙi, ga wutsiya shuɗiya wadda kazar ta riga ta tsinke rabinta. Laraba ta kori kazar da ƙafa, ta kifa ƙwarya a kan 'yar kulɓar. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙwaryar. Ta san abin da ake faɗa a kan kulɓa, kamar yadda kowa ya sani: wai cizonta ba shi da magani, wai in ta faɗa cikin miya gida ya tashi. Amma ta kuma san wannan ce dabba ta farko da ta gudu daga mutuwa ta nufo wurinta, sauran duk akasin haka suka yi.

Ta ɗauko tsohuwar kwatarniyar da take wanke kifi a da, wadda ta tsage a gindi. Ta zuba yashin bakin ruwa, ta kifa guntun fasasshiyar tukunya don wurin ɓuya, ta sa murfin gwangwani da ruwa, ta ɗaure bakin da guntun ragar kama ƙananan kifi. Sannan ta tura kwatarniyar ƙarƙashin gado, domin a nan Laraba take ajiye duk abin da take ji da shi.

Abinci shi ya fara ba ta wahala. Ta sa tuwo, kulɓa ba ta kula ba. Ta sa kunu a murfi, ta tarar da tururuwa sun yi biki. Ta ɓare mata tsokar bandar da 'yan kasuwa ke rububi a kai, kulɓa ta taka ta wuce, abin da ya ɗan sosa wa Laraba rai. Sai da wata gara ta faɗo daga jikin itace cikin kwatarniyar, 'yar kulɓar ta yi wuf ta cafke, sannan Laraba ta gane abokiyar zamanta ba ta cin abin da ba ya motsi. Daga nan ta shiga kafa tukunya a suri, ta cusa kara da busasshen kashin shanu ta kifa, da safe ta je ta kwaso gara. Masu wucewa gona suka gan ta, suka ce Laraba ta sake yin 'yan tsaki. Wasu har suka yi wa 'yan tsakin addu'a.

Duk da garar, kulɓa ta fara lanƙwamewa. Sheƙin jikinta ya dushe, ta daina fitowa daga ƙarƙashin tukunya, gara tana yawo a kan hancinta ba ta ko ɗaga kai. Laraba ta taɓa ta ta ji sanyi ƙalau. Ta san wannan sanyin, ta sha taɓa shi. Ta ɗauki tsohuwar fitilar ƙwai ta nufi rumfar Tanko.

Tanko maƙwabcinta ne, dattijo mai gyaran fitila da risho, wanda suka taso tsibiri ɗaya tun kafin ruwa ya cinye shi. Shi masallaci, ita coci, kuma shekara da shekaru ba abin da ya taɓa haɗa su faɗa sai hayaƙinta da ke shiga shanyar matarsa.

"Tanko, fitilag ga nika so ka gyara min. Ta riƙa ci ba hayaƙi."

"Baƙo kinka yi?"

"Awo."

"Daga ina?"

"Daga ƙarƙashin itace."

Tanko ya gyara fitila, ya ce shi zai kai mata da kansa. Da ta jawo kwatarniyar ya leƙa, sai ya ja da baya har ya take wa kansa riga.

"Laraba, wagga kulɓa ta."

"Na sani."

"Kin san abin da aka hwaɗi bisa cizonta?"

"Ba ta cije ni ba."

"In ta hwaɗa miya fa?"

"Ba ni kai ta wurin miya."

Ya tsaya yana shafa gemu. "Dut dabbobin da Allah ya yi, wagga kinka zaɓa?"

"Ba zaɓi na yi ba," in ji Laraba. "Waɗanda niz zaɓa dut sun mutu."

Fitila ta yi ɗan abin da za ta iya. Laraba ta ajiye ta a jikin kwatarniyar, kulɓa ta riƙa matsowa gefen da ya yi ɗumi, tana ɗan cin gara ɗaya biyu. Amma ba ta murmure ba, ga kananzir a lokacin sai an bi layi. Wata safiya Laraba ta fito da kwatarniyar bakin ƙofa don ta sauya yashi, aka kira ta kifi ya iso, ta bar ta nan. Da ta dawo ta tarar hantsi ya cika kwatarniyar, kulɓa ta hau bayan tukunya ta baje ciki, ta ware ƙafafu, ta lumshe ido. Jim kaɗan ta sauko ta bi gara ɗaya bayan ɗaya har ba ta bar ko guda ba. Laraba ta dubi rana, ta dubi fitilar da take ta zuba wa kananzir. Ta je bakin ruwa ta zaɓo dutse mai faɗi ta sa mata a ciki.

Da yake Laraba ba ta iya yin abu rabi da rabi ba, washegari ta ajiye kwatarniyar a tsakiyar gida inda ba inuwa, ta tafi kasuwa. Ta dawo da azahar ta sami yashi ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ruwan murfi ya ƙafe, kulɓa a kwance baki buɗe. Ta yayyafa mata ruwa, ta kai ta inuwa, ta zauna a ƙasa tana fifita da faifai kamar mai jinyar mutum, har Allah ya sa ta motsa. Tun daga ranar ta gane ƙa'idar: rabin kwatarniya rana, rabi inuwa, ita kulɓar ta zaɓi inda take so. Ta riƙa rufe gefe ɗaya da faifai, ta ɗora dutse don iska. Da safe kwatarniya tana gabashin ɗaki, rana ta yi sama a jawo ta gindin katanga, hadari ya taso a ruga da ita ciki. Shanyar kifinta takan jiƙe wani lokaci, amma kulɓa ba ta taɓa jiƙa ba.

Sauran ta koye shi da kuskure, ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa jefa mata ƙatuwar fara don ta ci ta more, farar ta kori mai gida ƙarƙashin tukunya ta hau dutsen ta zauna. Laraba ta gane duk abin da ya fi kan kulɓa girma ba abinci ba ne, abokin gaba ne. Ta ga tana son tsutsar kifi, ta riƙa ba ta ba ƙaƙƙautawa, kulɓa ta yi teɓa ta daina bin komai, sai ta mayar da tsutsa ta ranar Lahadi kawai, bayan an taso coci. Sauran kwanaki gara, ƙananan gyare, da shinge, garar nan mai fuka-fuki, in an yi ruwa. Takan daka ƙonannen ƙashin kifi ta barbaɗa a kan garar, don ta ji ana yi wa kaji haka ƙafarsu ta yi ƙwari. In za ta ba ta abinci sai ta ƙwanƙwasa bakin kwatarniyar da yatsa, har kulɓar ta saba, da ta ji ƙwas ƙwas sai ta fito.

Wajen tsakiyar damina aka yi ranar da Laraba ta fid da rai. Ta buɗe raga ta ga kulɓa ta yi fari fat, idanunta sun yi hazo, fatarta tana tsattsagewa, kuma ta ƙi abinci. Laraba ba ta hura banda ba ranar. Ta zauna a gaban kwatarniyar ta yi kuka, kukan da ba ta yi wa akuya ba, ba ta yi wa agwagi ba. Ba don kulɓar kaɗai ba ne. Tsoro ne ya kama ta cewa mutanen Warra gaskiya suke faɗa tun farko, kuma yaran nan huɗu da a hannun wata suke da yanzu suna da 'ya'yansu. Tanko ya ji shiru ba hayaƙi ya leƙo, ya duba ya ce saɓa take yi, irin ta maciji, ta jiƙa mata yashin gefe ɗaya kawai. Ba a daɗe ba kulɓa ta goge tsohuwar fatar a jikin dutse ta fito tana walƙiya, wutsiyar da kaza ta tsinke har ta fara tofowa. Laraba ta share ido ta je ta hura wuta, ta ce wa Tanko hayaƙin jiya ne bai gama fita daga idonta ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a Warra. Matar da ta zo karɓar wuta ta ga kwatarniya, ta ɗaga faifai, ta fita ba wutar. Kafin kaka labari ya gama gari ya hau jirgi ya isa Yelwa, kuma a hanya ya yi ƙiba fiye da kulɓar. Wasu suka ce tana magana da ita. Wasu suka ce ba kulɓa ba ce, wani abu ne ya ari jikin kulɓa. Masu wannan maganar su ne waɗanda shekara talatin suna cewa ba abin da ke rayuwa a hannun Laraba, yanzu abu ya rayu sun ce to lallai akwai dalili.

Ɗari ya shigo, ɗakin siminti ya zama randa. Laraba ta koma kunna fitila a jikin kwatarniyar da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ta kuma riƙa ɗumama dutsen a bakin murhun banda, ta gwada a kuncinta kafin ta mayar. Kulɓa ta wuce tsawon tafin hannu, shuɗin wutsiyarta ya fara komawa ruwan ƙasa irin na manya. Sai ga saƙo daga Andarawus cewa suna tafe da yarinya ranar Asabar.

Tanko ya zo har gida ya ba ta shawara. "Uwar Andarawus, kawo abin nan in ɓoye miki rumfata har su tahi. Kada garin neman ƙiba a samo rama."

"In na ɓoye ta, mi za ni gwada musu?"

"Ba sai kin gwada komi ba."

"Shekara talatin ban gwada komi ba, Tanko. Ka ga inda yak kai ni."

Ranar Asabar da hantsi suka iso a motar kasuwa: Andarawus a gaba, Lidiya da goyo, sai Dudu a baya da ƙunshin kayan yarinyar a kanta, alhali ba wanda ya ce da ita za a zo. Laraba ta share gida tun asuba, ta dama kunun gyaɗa, ta fito da ɗan kwanon nan da ɗan ludayi. Aka gaisa. Lidiya ta durƙusa ta ce, "Inna, mun same ku lahiya?" sannan ta sauke Rifkatu. Yarinyar ta tsaya tana tangaɗi, ta dubi kowa, ta tako ta kama yatsan Laraba ta riƙe gam. Laraba ba ta motsa hannun ba, kamar wadda tsuntsu ya sauka a kanta. Ta ji daɗin da ba ta san akwai irinsa ba.

Dudu ba muguwar mace ba ce, a faɗi gaskiya. Jika ɗaya gare ta ita ma, kuma tsoro ne ya ɗauko ta daga Yelwa. Ta sha ruwa ta ajiye kofi ta ce, "Uwar Andarawus, an ce muna kina da kiwo."

Laraba ta miƙe da sauri, domin wannan tambayar take jira tun farkon damina. Ta zagaya bayan ɗaki ta rungumo kwatarniya, ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta janye faifai, ta kwance raga. Kulɓa tana kan dutsenta, sumul, tana sheƙi.

"Ga ta nan," in ji Laraba. "Kamar yatsa take sanda tay zo. Kaza ta tsinke mata wutsiya, ku duba, ta tohu. Damina ta wuce, ga ɗari, ko mura ba ta yi ba. Hannuna na, ba wanda yat taya ni."

Ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban mutane ba. Kafin ta rufe baki Lidiya ta fizge yarinyar ta rungume, Dudu kuwa tana bakin ƙofar gida da takalmi ɗaya a ƙafa. Andarawus ya rufe fuska da hannu.

Da numfashin Dudu ya dawo sai ta ce, "Ashe gaskiya ta. Nan za mu bar yarinya mai kai komi baki, ɗaki guda da wanga abu?"

"Sai in sake ta daji," in ji Laraba.

"Ta san gida, dawowa za ta yi."

Laraba ta san haka ne, don haka ba ta musa ba. Ta ce to Tanko ya kai kulɓar ƙetaren ruwa a jirgi. Dudu ta girgiza kai.

"Mutane na cewa ba dabba ba ta. Ni ban sani ba, kuma ba ni son in zarge ki. In dabba ta kawai, kashe ta da hannunki mu gani. Kina kashe ta, ga kayan yarinya nan, in aje miki in koma."

Andarawus ya tashi ya ɗauko taɓarya a jikin turmi. Ya ce shi zai yi, Dudu ta ce a'a, mai ita za ta yi. Ya miƙa wa uwarsa taɓaryar, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Inna, ƙwaro na fa kawai. Ki yi, a wuce wurin." Yana so a bar mata yarinyar, wannan a fuskarsa yake. Bai taɓa roƙon uwarsa wani abu ba sai ranar.

Laraba ta karɓi taɓarya. Ta dubi Rifkatu, wadda ke leƙowa ta kafaɗar uwarta tana miƙo hannu wajen kwatarniya. Ta gyara tsayuwa. Gindin taɓaryar ya bugi bakin kwatarniyar, kulɓa ta ɗauka kiran abinci ne, ta sauko daga dutse ta zo daidai ƙafar Laraba ta ɗaga kai tana jira. Laraba ta daɗe a haka. Sannan ta jingine taɓaryar a bango, ta durƙusa ta ɗaure raga, ta mayar da faifai a gefen inuwa.

"Ku sha kunu kahin ku tahi," in ji ta. "Da gyaɗa na dama shi."

Ba wanda ya sha. Lidiya ta goya yarinyar tana hawaye, ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri." Dudu ta nemo ɗaya takalmin ta ɗora ƙunshi a ka. Andarawus ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya bi su. Laraba ta raka su har bakin hanya yadda ake raka baƙi, ta tsaya har motar ta ɓace.

A gidan Dudu aka yaye Rifkatu. Ta rayu, ta girma, takan zo gaisuwa tare da ubanta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta sha ruwa su koma. 'Ya'yan da Lidiya ta haifa daga baya ba a ma ta da zancen kawo su Warra ba. Kulɓa kuwa ta yi shekaru a kwatarniyarta, har mutane suka gaji da maganarta suka koma kan wani. Laraba ta ci gaba da banda. Ta yi baƙin cikin wannan Asabar har ƙarshen ranta, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa tana yi ba.

Tanko ne kaɗai ya taɓa tambayarta dalili, shi ma a ranar ne, da la'asar, da ya shigo ya same ta zaune ita da tukunyar kunun da ba a taɓa ba. Ransa a ɓace yake, don ya so mata yarinyar nan.

"Laraba, jika kinka bari ta tahi sabadda kulɓa? Bugu guda fa!"

Ta zuba masa kunu ta miƙa masa, ta jira har ya karɓa.

"Huɗu nib binne, Tanko. Ban kashe ko guda ba, amma an ce hannuna na, har ni kaina na so in yarda. Wagga kaɗai ta zo hannuna ta rayu. Da na sauke taɓaryag ga bisa kanta, da maganarsu ta zan gaskiya, gaban kowa." Ta buɗe tafin hannunta ta dube shi. "To da wane hannu za ni amshi yarinyar?"